Tukunyar Makaranta: Amsar Wasiƙunku Kan Ciyar da Ɗalibai a Karkara

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, domin duk a kan tukunya ɗaya suke magana. Ta farkon za ta ci fili fiye da sauran, ku yi mini uzuri. Batun da ta taso da shi na yi shekara 11 ina fama da shi, lokacin da nake shugabar wata firamare a karkara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mama. Mu tsofaffin ɗaliban wata firamare ne da ke can cikin ƙauye, mu 40 da 'yan kai, yanzu kowa yana birni yana neman na kansa. Bara na kai ziyara, na tarar da yara kusan 300, amma kafin ƙarfe 11 azuzuwa sun ragu, wasu sun sulale gida neman abin da za su sa a ciki, kuma ba sa dawowa. Muka kafa gidauniya, kuɗi sun taru daidai gwargwado. Yanzu mun rabu biyu. Wasu na son a gina babban zauren cin abinci mai tebura da kujeru, a rubuta sunan ƙungiya a jiki. Wasu sun ce a sayi abinci kawai a raba wa iyaye. Ni ne sakatare, kuma kaina ya ɗaure. Ki ba mu shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka muku da alheri, ya sa a fara a sa'a. Wannan ajin da ka ga yana raguwa na san shi, na sha tsayawa a gabansa da alli a hannu. Yaron da bai karya ba ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Sai dai ka ga ya kifa kai a kan benci, ka kira sunansa sau biyu kafin ya ɗago, idanun nan sun yi zuru-zuru. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu malamin da zai cusa wa yaro lissafi alhali hanjinsa na kuka.

Shawarata ita ce kada ku gina zauren yanzu, kada kuma ku raba buhuna. Buhun da ya shiga gida na kowa da kowa ne, cikin 'yan kwanaki ya ƙare, kuma bai kawo ko yaro ɗaya aji ba. (Akwai wuraren da ake ba 'yan mata abincin kaiwa gida bisa sharaɗin ba su yi fashin makaranta ba, kuma yana amfani, amma wannan ƙari ne a kan girkin makaranta.) Ku fara da ruwa, sai sito, sai murhu, sannan ku kulle kuɗin abincin shekara guda a gefe, kada kowa ya taɓa. In an samu rara, a yi maganar zaure.

Ɗauki biro mu yi lissafi tare, domin yawancin masu niyyar alheri a nan suke tuntuɓe. Yara 300, a ce kwanakin karatu 190 ne a shekara: kwano 57,000 ke nan. In kowane yaro zai ci giram 150 na hatsi, wanda shi ne awon da na yi aiki da shi, kullum za a dafa kilo 45, kusan buhu guda mai kilo 50. A shekara buhu 171, ban sa wake da mai da gishiri da itace ba. Ka karanta wa 'yan ƙungiyarku wannan adadin a taro na gaba. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, tukunya kuwa kowace safiya sai ta nemi haƙƙinta. Sannan ku sani yaran ba za su tsaya a 300 ba. Zangon farko da muka fara girki, yaran da muka cire rai da su suka dawo, wasu har da ƙannensu a goye. Ku yi lissafinku da ƙari.

Kafin ku kira magini, ku je ku zauna da matan da za su yi girkin. Ba shugaban makaranta kaɗai ba, ba dattawa kaɗai ba, su matan da kansu, ku kuma bar su su yi magana ba tare da an tsaya musu a ka ba. Na ga abin da rashin yin haka ke jawowa. Wasu bayin Allah, da zuciya ɗaya, suka gina mana ɗakin girki mai kyan gaske: tayil har bango, da murhun gas guda huɗu. Ranar buɗewa kowa ya yi murna, ni ma na yi. Bayan mako uku gas ya ƙare. Inda ake cika tukunyar gas tafiyar yini ce, kuma da damina hanyar ba ta biyuwa. Wata safiya na zagaya bayan ginin, na tarar da babbar mai girkinmu, dattijuwa mai kimanin shekara 60, ta jera duwatsu uku a ƙasa ta ɗora tukunya, tana hura wuta da murfin kwano, hawayen hayaƙi na bin kumatunta. Sabon ɗaki yana bayanta a kulle. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun ana gini. Ta ce, "Malama, wa ya tambaye ni?" Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin ina cikin waɗanda ba su tambaye ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ruwa na sa a gaba saboda ba a girki sai da shi, ba a wanke hannu ko kwano sai da shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 kan makarantun da ba su da ƙarfi ta ce a tanadar wa kowane mutum lita 5 a rana a makarantar jeka-ka-dawo. Ga yaranku 300, lita 1,500 ke nan, jarka 75 mai lita 20, kullum. In babu ruwa a harabar makaranta, ka san wa zai ɗebo shi? 'Yan matan da kuke son su zauna a aji. Saboda haka in kuɗinku na abu ɗaya ne tak, to ku kashe shi a kan rijiya ko tanki mai tara ruwan sama daga rufin kwano. In famfo za ku sa, ku zaɓi irin wanda akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a kusa, ku kuma kai ruwan a gwada kafin yara su fara sha.

Sito kuwa shi ne ɗakin da ba wanda ke ɗaukar hotonsa, amma a nan rabin dukiyarku za ta kwana. A yi masa daɓen siminti, da rufin da ba ya yoyo, da tagogi a sama masu raga don iska ta ratsa ɓera bai shiga ba, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun makaranta ɗaya a hannun wakilin iyaye. Kada buhu ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera shi a kan katako, a bar hanyar da mutum zai zagaya ya duba. Wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Ina nanata maganar danshi ne domin hatsin da ya yi fumfuna yana iya ɗauke da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 a gabashin Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Buhun da ya canza kala ko yake warin ruma, a fitar da shi, komai zafin asarar.

Wani abu kuma, ka ja masa layi: maganin ƙwari, da fetur, da takin zamani kada su kwana ɗaki ɗaya da abinci, kuma kada a zuba man girki a jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba. A watan Yulin 2013, a wata makarantar ƙauye a jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana da aka dafa da man da ya gauraya da maganin ƙwari. Rahotanni sun ce mai girkin ta lura man bai yi mata daidai ba, ta faɗa, aka ce ta ci gaba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Ku rubuta a dokar ɗakin girkinku cewa mai girki tana da ikon dakatar da abinci in ta yi shakka, ba wanda zai tsawata mata, kuma babba ɗaya ya ɗanɗana kafin a zuba wa yara.

Ɗakin girkin kansa ba sai ya yi girma ba. Ya kasance nesa da azuzuwa, nesa da banɗaki, a ɓangaren da iska ba za ta kwaso hayaƙi ta kai aji ba, kuma rufinsa na kwano. A Kumbakonam, cikin jihar Tamil Nadu ta Indiya, a Yulin 2004, wuta ta tashi daga wurin girkin abincin rana ta kama rufin ciyawa, yara 94 suka rasu. Bokitin yashi biyu a bakin ƙofa, da shingen da zai hana ƙananan yara kusantar wuta, ba za su ci muku wani abin kirki ba.

In itace ne abin da ake samu a wurin, ku gina murhun zamani na bulo wanda tukunya ke nutsewa a cikinsa, mai bututun fitar da hayaƙi ta sama. Bayan abin da ya faru da gas, irinsa muka gina. Itacen da a da ke yi mana mako ɗaya ya koma yana kai mu kusan biyu, tarin da matan ke yi ya ragu. Ku sayi tukwanen tukuna, sannan a gina murhun daidai da su, don in akwai rata tsakanin tukunya da murhu zafin ta nan yake zurarewa. Tsayinsa kuma a auna shi da mai girki, kada ta riƙa ɗage ko sunkuyo tana juya abin da ya kai kilo 45. Sauran ƙa'idar mai sauƙi ce, ita ma ta Hukumar Lafiya ta Duniya: abinci ya dahu sosai, zafinsa ya kai maki 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma dafaffe kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba. Inda babu firji, abin da aka dafa yau a cinye shi yau.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ranar da kuɗinku suka ƙare, ko 'yan ƙungiya suka gaji, wa zai hura wutar? Ku duba yadda ƙungiyar Mary's Meals ta yi. Wani ɗan Sikotland, Magnus MacFarlane-Barrow, ya fara ta a Malawi a 2002 da yara 200, yau tana ciyar da sama da miliyan 2 kowace ranar makaranta. Ita ke kawo abinci da kayan girki, amma mutanen gari ne ke girkawa, su ke rabawa, su ke riƙe da kwamitin. Haka gidauniyar Akshaya Patra ta Indiya, wadda ta fara a 2000 da yara 1,500 a makarantu biyar a Bangalo. Ta shahara da manyan ɗakunan girki masu injuna, amma a lungunan da mota ba ta shiga da sauƙi, ƙananan madafai take kafawa ta damƙa wa ƙungiyoyin mata. Ku ma kada ku kai musu komai a gama. Su ba da fili, su kawo yashi da dutse, su yi aikin ƙarfi, ku kawo abin da sai da kuɗi. Wanda guminsa ya zuba a bango ba zai ga an ɓalle ƙofa ya kau da kai ba. A rubuta yarjejeniya, kowa ya san nasa, a sa hannu a gaban jama'a, a kuma sanar da hukumar ilimi ta yankin, domin makarantar a ƙarƙashinta take.

Masu girki fa, kada a ce musu aikin lada ne a yi shiru. Matar da ta bar gonarta da sana'arta tun asuba har azahar, kwana biyar a mako, tana da bakunan da ke jiranta a gida. Ko dai a yi karɓa-karɓa ta yadda kowace uwa ranarta ba za ta zagayo ba sai bayan mako biyu ko uku, ko a ɗauki ƙwararru biyu ko uku a riƙa ba su alawus a kan kari. Ni na fi son a haɗa biyun.

Abincin kuma ku saye shi a hannun manoman yankin in akwai, lokacin kaka da yake da araha, tunda kun gina sito. A Barazil, a 2009 an kafa dokar da a lokacin ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don abincin makaranta a kashe shi a wurin ƙananan manoma. Uban da ya san makaranta ce ke sayen amfanin gonarsa, da kansa zai kora ɗansa zuwa aji.

Su kuma masu son zaure, kada ka watsa musu ƙasa a ido, niyyarsu mai kyau ce: so suke yara su ci abinci cikin mutunci. Rumfa mai daɓe da rufi ta wadatar a yanzu, da wurin wanke hannu mai bakin famfo da yawa a hanyar shiga, da sabulu, da kwano da cokali na kowane yaro. Sunan ƙungiya a rubuta shi a jikin tankin ruwa.

TAMBAYA: Malama, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki a ƙasar waje. Shekara biyu ke nan duk wata ina tura wa wata ƙaramar ƙungiya kuɗi don ciyar da yara a wata makarantar karkara. Suna turo mini hotuna ta WhatsApp, yara riƙe da kwanuka suna murmushi. Ba na zargin kowa, amma ta yaya zan san abin yana isa?

AMSA: 'Yar'uwa, tambayarki ba zargi ba ce, amana ce kike son ki sauke. Hoto yana nuna rana ɗaya ne, ke kuwa kwana 190 kike tambaya. Ki nemi su turo miki hoton abu uku na wata guda: rajistar zuwan ɗalibai, da littafin sito mai nuna abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, da rasit na sayayya. Ki zauna ki gwama su. In rajista ta ce yara 200 suka zo ranar Talata, abin da ya fita daga sito ranar ya yi daidai da cikin yara 200. In kin ga adadi ɗaya ne kullum, ba ragi ba ƙari, har ranar da aka wuni ana ruwa, to ki ƙara tambaya, domin ba a taɓa yin makarantar da yara ke zuwa cif-cif haka ba. Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wasu ma za ki tarar ba su da littafin ne kawai don ba wanda ya koya musu, sai ki taimaka su fara.

In kina da wanda kika yarda da shi a kusa, ya je ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar mako, daidai lokacin rabo. Ya taɓa murhu ya ji ko da ɗumi, ya leƙa sito, ya tambayi yara biyu ko uku abin da suka ci jiya da shekaranjiya. Yaro ba ya iya shirya irin wannan amsar.

Hotunan kuma, ki ce musu kin yafe na fuskokin yara. Na taɓa ganin an tsayar da yara a layi cikin rana, abinci yana hucewa a hannunsu, ana jiran mai ɗaukar hoto ya samu yadda yake so. Wata yarinya 'yar aji uku ta juya baya, ta ƙi kallon kyamara. Da na matsa kusa sai na ga ta raba abincinta biyu, tana ƙulle rabi a gefen mayafinta don ƙaninta da ke gida, kuma ba ta son a gani. Tun ranar na hana ɗaukar hoto lokacin cin abinci a makarantata.

TAMBAYA: Mama, ni malami ne. Wanda ke tallafa mana ya rage abin da yake bayarwa, ba zai ishi duka yara 180 ba. Wasu sun ce a ware marayu da waɗanda suka fi talauci, su 60, a riƙa ba su. Ya kika gani?

AMSA: Malam, kada ku yi haka. A ƙauyen da kowa ke fama, tsakanin na 60 da na 61 babu wani bambanci, kuma kai ne za ka tsaya ka ce wa na 61 ya koma gefe yana kallo. Su 60 ɗin ma suna za a laƙaba musu, manyan cikinsu za su gwammace yunwa da shiga wannan layin. Ku rage kwanaki, a ci gaba da ba kowa: in abin da ke hannu na yara 60 ne a kwana biyar, kwano 300 ke nan a mako, ya kusa isar yara 180 kwana biyu. Ku tara iyaye ku buɗe musu littafi su ga lissafin da idonsu, ku nemi kowane gida ya kawo ɗan abin da zai iya lokacin girbi don a cike giɓin kwano 60 ɗin, a kuma fara neman kwana na uku. Ku sanar da ranakun girki tun farkon zango don uwaye su san ranar da za su ƙulla wa yaro wani abu. Ni da zan zaɓa, Litinin tana ciki, domin a ranar ce na fi ganin kawuna a kife a kan benci.